Ba kowace takarda ce maƙala ba

Kalmar maƙala ta cika gidajen rediyo da tarukan siyasa a 'yan kwanakin nan, har ta kai duk wanda ya miƙe a gaban jama'a ya karanta takardar da hadiminsa ya rubuta masa, sai mai gabatar da shiri ya ce ya gabatar da maƙala. Sanarwa ga manema labarai ta zama maƙala, jawabin neman ƙuri'a ma haka. Kalmar daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da ƙauli, wato abin da mutum ya faɗa, don haka babu laifi idan aka kira takardar da malamin jami'a ya gabatar a taron ƙara wa juna sani da wannan suna. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan yawan amfani ya binne nau'in da ya fi cancantar sunan, wato rubutun da marubuci ke zama ya yi tunani da kansa a gaban mai karatu. Bafaranshen nan Montaigne, wanda ya buɗe wannan hanya a 1580, gwaji ya kira nasa rubutun, domin yana auna ra'ayinsa ne yayin da yake rubutawa.

Misalin da ya fi fito da bambancin shi ne Robert Louis Stevenson, ɗan Sikotland da aka haifa a Edinburgh a 1850, ya mutu a Samoa a 1894. Duniya ta san shi da labaran kasada irin su Treasure Island na 1883 da Kidnapped na 1886, amma kafin waɗannan ya riga ya yi suna da maƙaloli a mujallar Cornhill, waɗanda aka tattara wasunsu a littafin Virginibus Puerisque a 1881. A cikinsu akwai wadda ta fito a 1877 tana kare masu zaman kashe wando, inda ya ce yawan hada-hadar aiki alama ce ta rashin ƙwarin rai, kuma yaron da ya gudu daga aji ya zauna bakin rafi yana iya koyon abin da babu shi a littafi. Wanda ya faɗi haka ɗan gidan injiniyoyi ne masu gina hasumiyoyin fitila a gaɓar teku, ya bar sana'ar gidansu, ya karanta lauya ya samu izinin aiki a 1875, ita ma ya ajiye ta. Ke nan kansa yake karewa, kuma mai karatu yana ganin haka a kowane layi. A wata maƙalar cikin Memories and Portraits na 1887 ya bayyana cewa a ƙuruciyarsa littattafai biyu yake yawo da su, ɗaya na karatu ɗaya na rubutu, yana kwaikwayon salon Hazlitt da Lamb, marubutan maƙala na Ingila, da na Montaigne har ya samu nasa.

Ban yarda da duk abin da ya faɗa kan zaman banza ba, domin ya daɗe yana cin aljihun mahaifinsa, kuma mai irin wannan gata ne kaɗai ke iya yabon hutu haka. Amma iya yin gardama da shi da nake yi shi ne shaidar cewa maƙala ya rubuta, tunda akwai mutum a cikinta da za a ja da shi. Takardar da hadimi ya rubuta, mai gida ya karanta yana tuntuɓe da kalmominta, sunanta jawabi, kuma ya kamata masu gabatar da shirye-shirye su riƙa kiranta haka.