Rasit ɗin kasuwa da takardar fili: ina ikon ƙaramar hukuma ya tsaya?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye ya san ɗan kwamisho ko ma'aikacin haraji da ke zagayawa da ɗan littafin rasit a hannu. Ya tsaya a kan mai tumatir da ta shimfiɗa buhu a ƙasa, ya yage mata takarda, ta kwance bakin zani ta ba shi kuɗi, ya wuce wajen mai rake. Kusan ba wanda ke tambayarsa wace doka ce ta aiko shi, ballantana inda kuɗin za su je. Alhali kuwa abin a rubuce yake.

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Sashe na 7 ya ce dole a tafiyar da ƙananan hukumomi da shugabannin da jama'a suka zaɓa, kuma jadawali na huɗu ya zayyana ayyukansu. Ƙananan hukumomin 774 ne a ƙasar, Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Abin da kundin ya ɗora musu shi ne abin da talaka ke takawa kullum: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, makabartu, bayan gida na jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, fitilun titi, wuraren shaƙatawa, sa wa tituna suna da lamba a gidaje, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Har lasin na keke da amalanke da baro da kwale-kwale nasu ne, haka nan sa ido kan allunan talla da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. A makarantun firamare da kiwon lafiya da noma kuwa, kundin ya ce su taka rawa tare da gwamnatin jiha.

Saboda haka rasit ɗin nan ba sadaka ba ce. Mai tumatir ta biya kuɗin kasuwa ne domin a share mata wurin, a yashe kwata kafin damina, a tanadi inda za ta kama ruwa. Idan shekara ta zagayo tana biya, bola tana ƙara tudu a bayanta, to an ci mata haƙƙi, kuma tana da bakin magana.

Wata doka ta 1998 ta raba wa matakan gwamnati uku irin harajin da kowanne zai karɓa. A kason ƙaramar hukuma akwai kuɗin shago, kuɗin mayanka, kuɗin tasha, harajin gidaje, kuɗin toshe hanya don biki, da kuɗin kasuwa, in ban da kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki. Dokar ta kuma hana kowa, har da hukumar haraji kanta, datse hanya don karɓar haraji. Ina so direbobin da ke ɗauko hatsi da dabbobi su riƙe wannan, domin su ne aka fi tarewa da katako mai ƙusa a tsakiyar titi.

Maganar fili da gini ce ta fi jefa mutane cikin asara, don haka bari in daɗe a kanta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ta kasa ƙasar gida biyu. Inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi kaɗai ke ba da takardar mallaka. Inda ba birni ba, ƙaramar hukuma na da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya, ko don noma, ko don gina gida. Amma an sa mata iyaka: ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ba, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar gwamna. Kuma mai irin wannan takarda ba zai sayar ko ya jinginar da filin ba sai ƙaramar hukuma ta amince.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne gefen gari. Mutum ya tara kuɗinsa na shekaru, ya sayi fuloti a gonar da aka yanka, mai unguwa da shaidu suka sa hannu, ya kai takardar sakatariya aka buga mata hatimi, ya ɗauka ya gama. Bai san birni ya riga ya haɗiye wurin a taswirar gwamnati ba. Ya kai gini linta, wata safiya ya tarar da jan fenti a jikin bango. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba izinin gini ba ce. A cikin birnin Kano, alal misali, hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ita ke duba zanen gini ta ba da izini. Kafin a sauke bulo ko ɗaya, a fara tambayar abu biyu: wurin yana cikin yankin birni ne ko a'a, kuma ba a kan hanya ko magudanar ruwa ko filin makaranta ya faɗa ba?

Ƙaramar hukuma na iya karɓe fili a karkara don amfanin jama'a, kamar asibiti ko kasuwa, amma dole ta biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai. Amfanin jama'a doka ta ce. Yanka filin idi ko gefen makabarta a yi shaguna a raba wa 'yan siyasa ba ya cikin wannan, kuma abu ne da ke ci mini rai ƙwarai.

Sai kuɗi. Abin da ake tarawa a kasuwa ɗan kaɗan ne idan aka gwada shi da kason tarayya, inda ƙananan hukumomi ke da kashi 20.60 cikin ɗari. Sashe na 162 na kundin ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan gwamnoni suka daɗe suna riƙe kuɗin, su saki abin da suka ga dama. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta shi: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Hukunci daban, aiwatarwa daban, kuma an yi ta jan ƙafa a kai.

Duk da haka hukuncin ya rage wa ciyaman wurin ɓuya. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma sai majalisar kansiloli ta amince da shi, kuma kowace mazaɓa na da kansilanta, mutumin da ake haɗuwa da shi a masallaci da wajen ɗaurin aure. Shi ne na farko da ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta unguwa za ta tara rasit ɗinta na shekara ta kai masa, ta tambaye shi nawa aka ware wa kwatar kasuwa a kasafin bana.