Masu Danna Baya Da Murɗa Wuya: Me Bincike Ya Gano?

Bidiyon ya zama ruwan dare a TikTok da Facebook. Mutum na kwance rub da ciki a kan siririn gado, wani ya ɗora tafin hannu biyu a gadon bayansa ya danna, sai ka ji ƙas! Ya tallafo kansa ya murɗa, ƙas-ƙas! Mara lafiya ya miƙe yana dariya kamar an sauke masa buhun gero. Sunan wannan sana'a kayirofraktik, kalma ce daga Girkanci mai nufin aiki da hannu.

Ɗori ne irin na Turawa?

A'a. Maɗori karaya da targaɗe yake gyarawa, shi kuwa wannan ba ruwansa da karaya, gaɓoɓin ƙashin baya yake motsawa. Wani mai suna Daniel David Palmer ne ya ƙirƙiro abin a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka. Ya ce ya danna bayan mai sharar ginin da yake aiki, Harvey Lillard, sai kurumtarsa ta yaye. Daga nan ya riƙa da'awar cewa akasarin cututtuka daga gocewar gaɓar baya suke, wai ita ke danne jijiya. A 1906 har ɗaure shi aka yi saboda yin magani ba lasisi. Bincike bai gaskata wannan da'awa ba har yau, ko da yake sana'ar ta zauna da gindinta: ana karantar ta a jami'a, kuma a Afirka ta Kudu akwai kwas ɗinta a Durban da Johannesburg.

To ƙarar fa? Ba ƙashi ne ke komawa mazauninsa ba?

Ba shi ba ne. Akwai ruwa mai yauƙi a cikin gaɓa. Idan aka buɗa ta da sauri sai kumfar iska ta fito a cikin ruwan, ita ce ƙarar. Irin wadda kake ji ce in ka ja yatsanka, shi ya sa sai ka jira kamar minti ashirin kafin yatsan ya sake yi. Da ƙashin baya ya goce da gaske, da ba da ƙafarka za ka zo ba.

Amma yana maganin ciwon baya?

Yana ragewa, daidai gwargwado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 na fama da ciwon kwankwaso a 2020, kuma kusan tara cikin goma ba a gano musu wata cuta takamaimai. Irin waɗannan ne dannawa ke ɗan taimaka wa. A 2017 mujallar likitoci ta Amurka, JAMA, ta tattara gwaje-gwaje kan sabon ciwon baya, ta ga zafin ya ragu da kusan maki 10 cikin 100. A 2019 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta duba gwaji 47 da aka yi da mutum fiye da 9,000 masu daɗaɗɗen ciwo, ta ga amfanin ya yi kunnen doki da na motsa jiki da sauran hanyoyin da likitoci suka saba bayarwa.

Maki goma ba abin yarwa ba ne ga tela ko direban tirela da ya kwana uku bai iya yin ruku'u ba. Amma fa a sani, yawancin sabon ciwon baya kan lafa da kansa cikin mako shida, don haka sau da yawa faɗuwa ce ke zuwa daidai da zama, mai dannawa ya kwashe yabo. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ce a 2016 a yi dannawar kawai a haɗe da motsa jiki, ba ita kaɗai ba. Ni dai duk wanda ya ce maka sai ka yi ta zuwa duk mako har abada don kada baya ya sake "gocewa", aljihunka yake dannawa.

Murɗa wuya na da haɗari?

Nan ne nake ɗari-ɗari. Jijiyoyin jini biyu na ratsawa ta ramukan ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ɗaya ta tsage daga ciki, jini na iya daskarewa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, har ga matashi. Abin ba kasafai yake faruwa ba, kuma ana jayayya kan musabbabinsa. Wani bincike a Ontario ta Kanada a 2008 ya ga masu irin wannan shanyewa sun yi ta zuwa wajen masu murɗa wuya, amma haka ma wajen likita, ma'ana mai yiwuwa tsagewar ce ta fara, ciwonta ya kai su. Duk da haka ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2014 a sanar da mara lafiya kafin a taɓa wuyansa. Tunda motsa wuya a hankali na ba da sakamako kusan iri ɗaya, ban ga dalilin fizga ba. Aski ya ƙare, wanzami ko mai shago ya kai hannu zai murɗa maka wuya a matsayin gyara? Ka ce ka gode.

Asma, hawan jini, ciwon cikin jarirai fa?

Babu ƙwaƙƙwarar hujja. Marubuci Simon Singh ya faɗi haka game da asma da ciwon cikin jarirai a jaridar Guardian ta Birtaniya a 2008, ƙungiyar masu sana'ar ta Birtaniya ta maka shi a kotu, a 2010 ta janye ƙarar.

Wa bai kamata a danna wa baya ba?

Wanda ciwonsa ya zo da zazzaɓi, rama ko gumin dare, domin a wajenmu tarin fuka na cin ƙashin baya, kuma dannawa na iya ruguza gaɓar da ta riga ta rube. Haka wanda ya faɗi ko ya yi hatsari, tsohuwar da ƙashinta ya yi rauni, mai sikila, da mai tarihin ciwon daji. Idan kuwa ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko fitsari ya tsaya ko yake zuba ba a sani ba, wannan na asibiti ne a ranar, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Sauran masu ciwon baya na yau da kullum, sashen gashin ƙashi na manyan asibitocinmu na yin irin wannan aikin hannu, su kuma haɗa maka da atisayen da za ka riƙa yi a gida.