Binciken cututtukan hanji da kuɗin ƙungiyoyin agaji: tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Yaya girman matsalar ciwon dajin hanji yake a duniya?

Amsa: Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 mutum fiye da miliyan 1.9 ne suka kamu da ciwon dajin babban hanji da dubura, sama da 900,000 kuma suka rasu. Yawanci yana somawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe ya zama daji, kuma wannan jinkirin shi ne damar da masu bincike ke son a ci moriyarta.

Tambaya: Tunda akwai gwamnatoci da kamfanonin magani, mene ne amfanin kuɗin ƙungiyoyin agaji?

Amsa: Kamfani yakan zuba jarinsa inda yake hangen riba, alhali wasu tambayoyi masu ceton rai ba su da kasuwa. Asfirin tsohon magani ne mai arha, amma gwajin da Farfesa John Burn na Jami'ar Newcastle ya jagoranta, wanda ƙungiyar agaji ta Cancer Research UK na cikin masu ɗaukar nauyinsa, ya nuna a 2011 cewa shan sa na tsawon shekaru biyu ko fiye yana rage ciwon dajin hanji ƙwarai ga masu larurar gado ta Lynch, wadda ke ƙara haɗarin kamuwa da shi. Kada kowa ya soma sha ba da umarnin likita ba, domin yana iya haddasa zubar jini a ciki. Haka nan ƙungiyar ta tallafa wa gwajin Farfesa Wendy Atkin, wanda ya tabbatar a 2010 cewa leƙa ƙarshen hanji da na'ura sau ɗaya tak, tare da cire tsiron da aka gani, ya rage mace-macen ciwon dajin hanji da kashi 43 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka duba. A ganina, nan ne taron sisin jama'a ya fi nuna darajarsa.

Tambaya: Ciwon daji kaɗai ake bincike a kai?

Amsa: A'a. Akwai cutar Crohn, wadda Dakta Burrill Crohn ya bayyana a 1932, da gyambon babban hanji, waɗanda ke sa kumburi da gudawa mai jini na tsawon shekaru, kuma har yau magani lafar da su yake yi, ba ya kawar da su. Ƙungiyar Bowel Research UK, wadda aka kafa a Birtaniya a 2020, tana tallafa wa bincike a kan waɗannan duka.

Tambaya: Me ke kawo wa wannan aiki cikas?

Amsa: Kunya tana kan gaba. Mutane ba sa son zancen bahaya, saboda haka mai ganin jini yakan ɗauka basir ne ya yi shiru har cutar ta yi nisa, kuma irin wannan shirun kan sa tara gudummawa domin binciken hanji ya yi wuya.