Wai mene ne "yogar Kirista" da ake ta gardama a kanta?

Ita kalmar yoga daga Sanskrit ta fito, tsohon yaren addini na Indiya, tushenta yuj, ma'ana haɗawa ko ɗaurewa, kamar dai yadda ake sa wa shanun huɗa karkiya su ja garma ɗaya. To daga nan gardamar Kiristoci ta taso, me ake haɗawa da me?

Mu abin da muka saba gani a YouTube shi ne mutum kan 'yar tabarmar roba yana lanƙwasa jiki yana jan numfashi a hankali, amma a tsarin Patanjali, wanda ya tattara ƙa'idojin yoga a rubuce tun zamanin da, matakai 8 ne, kuma lanƙwasa jikin nan da suke ce wa asana mataki na uku ne kawai, na ƙarshen shi ne samadhi, inda hankali ke nutsewa har mutum ya daina jin kansa daban da abin da ya zuba wa hankali. Asalinta hanyar neman kuɓutar rai ce a addinan Indiya, maganin ciwon baya daga baya ya shigo.

Na Buddha kuma daban ne, ko da yake mutane na cakuɗa su. Siddhartha Gautama, wato shi Buddha, haifaffen Lumbini da ke Nepal ta yanzu, bai gina koyarwarsa kan Allah Mahalicci ba, ya ma koyar da cewa babu wani "ni" mai dawwama a cikin mutum, anatta suke kiran wannan. Zaman shiru na Zen a Japan daga wannan gidan ya fito, haka ma zaman lura da numfashi da manhajojin waya ke koyarwa don rage damuwa, wanda Jon Kabat-Zinn ya shigar harkar asibiti a Massachusetts ta Amurka a 1979 bayan ya sauke masa kayan addini.

To idan ka ji an ce yogar Kirista, ana nufin a ɗauki tsayuwar da numfashin, a ajiye Om, sautin nan da Hindu ke ɗauka mai tsarki, da sauran kirarin, a sa sunan Yesu ko wata aya ta Zabura a gurbinsu. Ba sabon abu ba ne. Wani fada Bafaranshe, Jean-Marie Déchanet, ya yi littafi a kai tun 1956. Wani kuma Bajamushe, Hugo Enomiya-Lassalle, yana Hiroshima lokacin da bam ya faɗa a 1945 kuma ya tsira, ya zauna gaban malaman Zen shekara da shekaru yana nan a fadansa bai bar ikilisiya ba. Thomas Merton, wani fada daga Amurka, ya je har Indiya ya gana da Dalai Lama, jagoran mabiya Buddha na Tibet, a 1968, a cikin tafiyar nan ne ya rasu a Tailan. Ni dai ban ɗauki mutanen nan a masu wasa da bangaskiya ba, shiru suke nema a gaban Allah, kuma gaskiya shiru ya yi ƙaranci a sujadarmu, daga ganga sai lasifika.

A 1989 fadar Batikan ta fitar da wasiƙa kan wannan magana da sa hannun Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 16. Ba ta haramta ba, ta ce ana iya ɗaukar abin da ke da amfani, amma ta ja kunne a wurin da ni ma nake ganin nan ne bakin zaren: natsuwa da ɗumi da sanyin rai da jiki ke ji bayan an daidaita numfashi, kada a ɗauka Ruhu Mai Tsarki ne ya sauko. Addu'ar Kirista magana ce tsakanin biyu, ɗa da Ubansa, kai kana nan Shi yana nan ba wanda ya narke cikin wani, kuma kusantar Allah alheri ne da Yake bayarwa, ba dabara ce da za ka ƙware a kanta ta kai ka ba. Cocin Otodoks na Girka su ko tsaurarawa suka yi, a 2020 suka ce yoga ba ta da gurbi a rayuwar Kirista sam. A jihar Alabama an hana ta a makarantun gwamnati tun 1993, sai 2021 aka ɗage, shi ma da sharaɗin ba kirari ba gaisuwar namaste. 'Yan'uwanmu Musulmi ma sun sha irin wannan muhawara, majalisar fatawa ta Malesiya ta hana ta a 2008.

Duk lokacin da maganar ta taso 1 Korintiyawa sura 8 da 10 nake komawa, inda Manzo Bulus ya yi bayanin naman da aka yanka wa gumaka. Ya ce na kasuwa ka saya ka ci ba sai ka yi ta bincike ba, amma in aka gaya maka wannan na hadaya ne to ka bari, saboda lamirin wanda ya faɗa maka. Haka nake kallon abin. Likita ya ce ka miƙe ƙugu ka ja numfashi, jikin nan Allah ne ya yi shi, ban ga laifi ba. Amma akwai jerin motsin da ake kira surya namaskar, fassararsa gaida rana, in mai koyarwa ya haɗa da kiran sunayen allan rana ya ce ku maimaita, a nan ni zan naɗe tabarmata in tsaya gefe.

Abin da ke min ciwo shi ne da yawanmu ba mu san muna da namu ba. Masu zuhudu a dutsen Athos na Girka sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna zama shiru suna haɗa addu'a da numfashi, in sun ja su ce "Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah", in sun sake su ce "ka yi mini jinƙai". Ita nake yi da asuba kafin yara su tashi.