Waiwaye: Yadda kwantena ta samu masauki a cikin menfirem

A shekarar 1991 wani marubucin harkokin kwamfuta a Amurka, Stewart Alsop, ya yanke wa manyan kwamfutocin da ake kira menfirem ranar mutuwa. Ya ce ranar 15 ga Maris, 1996 za a zare fulogin ta ƙarshe. Ranar ta zo ta wuce ba a yi jana'iza ba. A watan Afrilun 2025 ma kamfanin IBM ya sanar da sabuwa mai suna z17, kuma har gobe manyan bankuna, kamfanonin inshora da na jiragen sama a kan irinta suke ɗora lissafinsu. Yanzu kuwa, a cikin wannan na'ura da aka yi wa kallon tsohon yayi ake gudanar da kwantena, salon da masu rubuta manhaja na zamani suke ji da shi.

Sunan daga kwantenar jirgin ruwa aka aro shi. A ɗauki manhaja, a haɗa ta da duk tarkacen da take buƙata kafin ta yi aiki, a ƙunshe wuri guda, yadda za a iya kai ƙunshin wata kwamfutar ba tare da an sake zaman gyare-gyare ba. Kwantenoni da yawa kan zauna a kwamfuta ɗaya, suna jingine da zuciyar babbar manhaja ɗaya, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar kanta, galibi ta Linux, amma kowacce na ganin kamar ita kaɗai ce a gidan.

Wanda ya san tarihi zai ce wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurin menfirem, domin a can aka fara dabarar raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar da yawa. IBM ya sanar da System/360 ranar 7 ga Afrilu, 1964. Na'urar na da tsadar gaske, barin ta tana yi wa mutum ɗaya aiki asara ce. Injiniyoyin kamfanin da ke Cambridge a jihar Massachusetts suka ƙirƙiro CP-40, sannan CP-67, wanda ke ba kowane mai amfani tasa kwamfutar ta kwaikwayo a cikin ta gaske. A 1972 abin ya fito kasuwa da sunan VM/370. A 1988 aka ƙara da PR/SM, wanda ke yanka na'urar kanta zuwa ɓangarori da ake kira LPAR, kowane ɓangare da tasa babbar manhajar. Sai a ƙarshen shekarun 1990 kamfanin VMware ya kawo irin wannan dabara kan ƙananan kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel.

Ita kwantena ta wani tsatson ta fito. Tushenta na cikin babbar manhajar Unix da danginta, inda aka fara dabarun killace manhaja a gefe guda: umarnin chroot na 1979, sai jails na FreeBSD a 2000, sai zones na Solaris a 2005. Injiniyoyin Google suka rubuta cgroups, hanyar ƙayyade wa kowace manhaja rabonta na ƙarfin na'ura, aka shigar da ita cikin Linux a 2008. Duk da haka abin bai fita daga hannun ƙwararru ba sai da Solomon Hykes ya nuna Docker a watan Maris na 2013. Bayan shekara ɗaya Google ya saki Kubernetes, mai kiwon dubban kwantenoni: in wata ta mutu ya tayar da wata, in aiki ya yi yawa ya ƙara adadinsu.

Gadar da ta haɗa zuriyoyin biyu ita ce Linux. Wasu injiniyoyin IBM a Böblingen da ke Jamus suka yi aikin ɗora shi a kan menfirem, kamfanin ya saki aikin a watan Disambar 1999. A 2000 aka fito da IFL, wata ƙwaƙwalwa ta cikin menfirem da aka keɓe wa Linux kaɗai. A nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma a ganina ita ce ginshiƙin labarin duka. Kuɗin lasisin manhajojin z/OS, babbar manhajar menfirem ta gado, yana bin yawan ƙarfin da aka ci ne. Aikin da aka yi a kan IFL ba ya shiga wannan lissafi. Ke nan an buɗe wa kamfanoni ƙofar kawo sababbin ayyuka ba tare da takardar biyan kuɗin wata ta kumbura ba.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A watan Agustan 2015 IBM ya fito da LinuxONE, menfirem da ba ta gudanar da komai sai Linux. A watan Yulin 2019 ya kammala sayen kamfanin Red Hat a kan dala biliyan 34, wanda ya sa OpenShift, wato Kubernetes na Red Hat, ya zama ɗan gida. A 2020 OpenShift ya fara aiki a kan menfirem. A 2019 ɗin dai z/OS 2.4 ya zo da zCX, wanda ke barin kwantenar Linux ta zauna a cikin z/OS kansa, tana cin ƙarfin wata ƙwaƙwalwar rangwame da ake kira zIIP. A 2024 kuma aka ƙara z/OS Container Platform, don ƙunshe manhajojin sashen Unix na z/OS a matsayin kwantena.

To me ya sa mutum zai ɗauki kwantena, wadda ke gudu lafiya lau a kan kwamfutoci masu araha, ya kai ta na'ura mafi tsada a ɗakin? Saboda bayanan a can suke. Asusun masu ajiya na zaune a rumbunan bayanai na Db2 ko IMS, kuma manhajojin da aka rubuta da tsohon yaren kwamfuta COBOL, da ke ƙarƙashin CICS mai kula da hada-hada, su ne ke taɓa su, wasunsu tun shekarun 1970. Kwashe su aiki ne na shekaru, mai haɗari, kuma ba shugaban bankin da ke son a wayi gari lissafi bai daidaita ba. Ɗauki misalin manhajar da ke duba ko cirar kuɗi da kati ta damfara ce. Dole ta yi wa rumbun bayanai tambayoyi da dama kafin ta ce e ko a'a, mai katin kuma yana tsaye yana jira. In tana wata cibiya mai nisa, kowace tambaya sai ta yi tafiya a waya ta dawo. In kuwa tana cikin akwatin ƙarfe ɗaya da rumbun, saƙon zai bi ta HiperSockets, hanyar da ke haɗa ɓangarorin na'urar ta cikin ma'adanarta, ba ya ko leƙa waje. Tunda kayan sun ƙi tashi, sai aka kawo ma'aikacin inda suke.

Sai dai kirarin da ake yi wa kwantena, cewa in ka haɗa ta sau ɗaya za ta yi aiki ko'ina, a bakin ƙofar menfirem yake karyewa. Ƙunshin da aka haɗa don ƙwaƙwalwar Intel ko AMD ba zai tashi a nan ba, sai an sake haɗa shi don s390x, tsarin ƙwaƙwalwar menfirem. Wanda ya gwada ba tare da ya sani ba, saƙon "exec format error" ne zai tarbe shi. Sake haɗawar ma ba kullum take wadatarwa ba. Lambar 1, in an ajiye ta a gurbi huɗu, Intel na rubuta ta 01 00 00 00, menfirem kuma 00 00 00 01. Manhajar da marubucinta ya ɗauka duk duniya irin ta Intel ce za ta iya karanta 1 a matsayin 16,777,216, kuma ba za ta yi ƙorafi ba, ci gaba za ta yi da lissafi. Ga kuma haruffa: Linux ya san A da lamba 65, z/OS da ke bin tsarin EBCDIC ya san shi da 193, don haka duk rubutun da ke ƙetarawa tsakaninsu sai an juya shi.

Akwai wani ruɗani da masu talla ba sa gaggawar warwarewa. Jin an ce kwantena ta shiga menfirem kan sa wasu su zaci tsofaffin manhajojin COBOL ne aka ƙunshe. Ba haka ba ne a mafi yawan lokuta. Tsohuwar manhajar na nan inda take, tana aikinta kamar jiya. Abin da ke cikin kwantenar sabon aiki ne da aka rubuta da Java, Go ko Python, yana zaune a gefenta yana aika mata saƙo.

Sauran rigimar ta mutane ce. Masu kula da menfirem sun saba a tsara kowane canji makonni kafin ranarsa, a gwada, a sa hannu. Masu kwantena kuwa sun saba sakin sabon ƙunshi sau da yawa a yini, in ya lalace a mayar da na baya. Yanzu ga su a kan na'ura ɗaya. Kafin a kai ga wannan muhawarar ma, akwai aikin da ke jiran duk wanda ya ɗauko shirin: ya bi jerin ƙunshe-ƙunshen da manhajarsa ta dogara da su ɗaya bayan ɗaya, ya ga wanne ne ke da nau'in s390x. Manyan irin su Ubuntu, PostgreSQL da Nginx suna da shi. Matsalar takan fito ne daga wani ɗan ƙaramin ƙunshi da ke can ƙasan jerin, wanda marubucinsa bai taɓa ganin menfirem da idonsa ba.