Warantin kamu na alƙali a New York: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kusan duk Juma'a bayan an sallame, sai wani ya ja ni gefe a ƙofar masallaci a nan Bronx, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, wai an ce akwai waranti a kaina." Ni ba lauya ba ne. Tafinta nake yi wa 'yan uwanmu na Gana da Nijar da Najeriya idan shari'a ta kama su, kuma tambayoyin ba sa canjawa. Ga su a rubuce, a karanta kafin a buga mini waya da tsakar dare.

Mene ne shi wannan warantin?

Umarni ne da alƙali yake bayarwa daga kan kujerarsa cewa a kamo ka, saboda an sa maka rana ba ka zo ba. Shi ya sa suke ce masa bench warrant da Turanci, bench ɗin ita ce kujerar alƙali. Ba wani sabon laifi aka tono ba, rashin zuwanka ne ya jawo shi.

Shekara 8 ke nan, ai ya mutu ko?

Bai mutu ba. Waranti ba ya tsufa, yana nan har ranar da alƙali ya soke shi. Na san inda kuka samo wannan magana. A watan Agustan 2017 manyan masu gabatar da ƙara na Bronx da Brooklyn da Manhattan da Queens sun sa an soke tsofaffin waranti sama da 640,000, na ƙananan sammaci da suka wuce shekara 10. Na Staten Island bai shiga ba. An yi wannan an gama, kada ka zauna kana jiran a sake.

Ai takarda ce kawai ruwan hoda ɗan sanda ya ba ni, bai kama ni ba.

Wannan takardar sammaci ce ta kotun masu laifi, kuma akwai rana da adireshi a jikinta. Ka jefa ta a aljihun mota ka manta, ita kuwa kotu ba ta manta ba. Yawancin waranti da na gani a kan mutanenmu daga nan suka fito. Abin da tara kaɗan za ta kashe, sai ga magidanci ya kwana a ɗakin tsarewa don an tsayar da shi kan fitilar mota an ga sunansa a kwamfuta. Wannan sakaci yana ƙona mini rai.

Tikitin ajiye mota fa, ko na hukumar tasi?

Waɗannan ba sa haifar da warantin kamu, tara ce ke taruwa. Amma direbobi ku ji da kyau: idan ƙin amsa tikitin tuƙi ya sa an dakatar da lasisinka ka ci gaba da jan mota, wannan laifi ne da ake kama mutum a kansa.

Yaya zan duba?

Shafin kotunan jiha mai suna WebCrims yana nuna shari'o'in da ke da rana a gaba. Rashin ganin sunanka a ciki ba ya nufin ka tsira, domin shari'ar da aka yi mata waranti sau da yawa ba ta da rana. Abin dogara shi ne ofishin akawun kotu na yankin da aka rubuta takardar, ko lauya ya duba maka. A Bronx kotun tana 215 East 161st Street, a Manhattan 100 Centre Street. Idan an taɓa ba ka lauyan gwamnati, daga Legal Aid Society ko Bronx Defenders, koma wurinsu, kyauta ne. Kada ka shiga ofishin 'yan sanda ka tambaya. Idan akwai, a nan za su riƙe ka.

An kira ni a waya an ce in biya da katin kyauta (gift card) ko a zo a kama ni.

Ɓarayi ne. Kashe wayar.

Jiya ce ranata, na manta.

Kwantar da hankalinka, kai ne mai sauƙin lamari. Tun Janairun 2020 dokar jihar ta ce alƙali ya ba wanda bai zo ba, ko lauyansa, sanarwar awa 48 kafin ya ba da waranti, sai idan akwai shaidar cewa da gangan ya ƙi ko an tuhume shi da sabon laifi. Kira lauyanka yau. Wanda kotu ta sallama bisa beli ko bisa alkawari, idan ya bar kwana 30 suka wuce bai bayyana ba, ana iya ƙara masa tuhumar tsallake beli, laifi ne mai zaman kansa.

Takarduna na zama ba su cika ba. In je ko in ɓoye?

A nan nake sassauta murya, don amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Abin da zan iya cewa da ƙarfi shi ne, ɓuya ita ma tana da farashi. Wanda ya shiga kotu da ƙafarsa kan ƙaramin sammaci, galibi a ranar alƙali yake soke warantin, ko ya kori ƙarar ko ya yanke tara, mutum ya koma gida. Wanda aka kama a titi kuwa ana iya ɗaukar zanen yatsunsa, kuma zanen yatsu yana zuwa hukumar FBI, daga can ya isa hannun jami'an shige da fice. Ka ga ke nan abin da kake gudu, jira na iya kawo maka shi har gida.

Amma ba zan ce maka ka tashi gobe da safe ka tafi kai kaɗai ba. Jihar New York tana da doka tun Disamban 2020 da ta hana jami'an shige da fice kama mutum a kotunan jiha, ko a hanyarsa ta zuwa da dawowa, sai da warantin da alƙali ya sa wa hannu. Dokar kariya ce ta gaske, sai dai yadda jami'an tarayya suke aiki yana sauyawa da sauyin gwamnati, kuma lauya ne ya san halin da ake ciki a wannan makon. Idan an taɓa yanke maka hukuncin kora daga ƙasa, ko tuhumarka mai nauyi ce, lissafin ya bambanta ƙwarai.

Babban tarkon ma yana cikin ɗakin shari'a. Za a iya ce maka amsa laifi ka biya tara ka tafi, kai kuma don ka gaji sai ka ce to. Wani amsa laifin da ba komai ba ne ga ɗan ƙasa, kai yana iya hana ka katin zama ko ya jawo kora. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2010 a shari'ar Padilla, wajibi ne lauyanka ya faɗa maka illar amsa laifi ga zamanka. To amma ta yaya zai faɗa idan ka ɓoye masa matsayinka? Gaya masa gaskiya, asirinka a rufe yake a wurinsa. Mai katin zama da ke shirin tafiya gida ko aikin Hajji shi ma ya warware wannan kafin ya sayi tikiti, domin a filin jirgi ana duba suna lokacin dawowa.

Turancina ba ya da ƙarfi.

Kotu tana ba da tafinta kyauta. Ka ce Hausa kake so, ko da za a sa ka jira. Kada ka gyaɗa kai ga abin da ba ka gane ba.

Me zan riƙe?

Katin shaida, takardar sammacin idan tana nan, da hujjar abin da ya hana ka zuwa: takardar asibiti, ko hatimin fasfo idan ka yi tafiya. Ka je da sassafe, ka bar wanda zai ɗauko yara daga makaranta. Idan an gama, nemi takardar shaidar ƙarshen shari'a a ofishin akawu ka adana ta, don ranar neman zama ɗan ƙasa za a tambaye ka ko an taɓa kama ka ko ba ka sammaci.

Ƙanina zai iya zuwa a madadina?

A'a. Kai alƙali yake son gani. Ƙanin naka ya raka ka, ya zauna a bencin baya.