Me ake nufi da gandun daji?

Gandun daji yanki ne da hukuma ta shata wa iyaka, ta hana noma, kiwo, farauta da sare itatuwa a cikinsa sai da izini. Ba katanga gare shi kamar gidan zu ba, dabbobin yawonsu suke yi, su ci abin da suka samu. Akwai wanda aka keɓe saboda itatuwa, akwai na namun daji irin Falgore a Kano, akwai kuma na gwamnatin tarayya kamar Kamuku da Gashaka-Gumti.

Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a Bauchi ya fi kowanne suna. Girmansa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006. Kogin Gaji ne ke riƙe da rayuwar wurin. Da rani, idan tafkuna sun ƙafe, giwa, ɓauna, gwanki da gwambaza duk gefensa suke taruwa, shi ya sa aka fi ganinsu daga Janairu zuwa Afrilu.

Babban aikin ma'aikatan gandu, bayan sintiri, shi ne sarrafa wuta. Sukan ƙona ciyawa da gangan a Nuwamba ko farkon Disamba, tana da sauran danshi, kashi-kashi, da safe ko da yamma sa'ad da iska ta kwanta. Irin wannan wutar ƙasa-ƙasa take bi, ba ta kashe marke ko taura, kuma ba a jimawa sabon toho ya fito, dabbobi su samu abinci. In aka yi sakaci har Fabrairu, ciyawa ta bushe ƙayau ga iskar hunturu, tartsatsi ɗaya daga mai neman zuma sai ya cinye ƙananan itatuwa da sheƙar tsuntsaye.

Ɓarna kuwa daga gefe take farawa. Masu gawayi ƙirya suke nema, masu katako kuma madobiya. Tarkon waya ba ya zaɓe, wanda aka ɗana wa gada sai ya datse ƙafar zaki. Abin da ya fi ciwo shi ne guba: zaki ya kashe saniyar da aka shigo da ita kiwo, mai ita ya barbaɗa maganin ƙwari a mushen, sai zakin, kuraye da ungulaye masu yawa su mutu a kan gawa guda.